Sitiyarin jirgina ya yi tauri: in canza kebul ko in ɗura masa mai?

"Assalamu alaikum. Ina da jirgin faiba mai tsawon ƙafa 19 da injin Yamaha mai ƙarfin doki 85, ina fito da shi daga Yauri zuwa ƙauyukan tsallake. Na ajiye shi kusan wata uku ban taɓa shi ba, da na dawo sai na tarar sitiyarin ya yi tauri, sai na sa hannu biyu kafin ya juya, musamman zuwa ɓangare ɗaya. Wani ya ce in ɗura baƙin mai cikin kebul ɗin zai saki, wani ya ce babu magani sai sabo. Wanne ne gaskiya? In canzawa ce, zan iya yi da kaina? Kuma yaya zan san tsawon da zan saya, tunda daga Legas za a aiko min?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka uku ce a dunƙule: ko kebul ɗin ne ya mutu, yadda za ka auna sabo, da kuma ko aikin na hannunka ne. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, amma kafin komai ina roƙonka kada ka sake ɗaukar fasinja sai an gama wannan gyara. Sitiyarin da ake murɗawa da hannu biyu yana gab da ɗayan abu biyu, ko ya kafe gaba ɗaya ko wayar ciki ta tsinke, kuma duka biyun a tsakiyar ruwa suke faruwa, lokacin da ka fi bukatarsa. Kai ka fi ni sanin ruwanku. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuka, kututturen itatuwa na nan tsaye a ƙasa, ga kainuwa, ga tarun masunta. Wurin da matuƙi ke kauce wa abu cikin ƙiftawar ido ba wurin gwada sa'a da sitiyari ba ne.

Yadda abin yake aiki

Yawancin jiragenmu na katako injin hannu ake ɗaura musu, matuƙi na zaune a baya yana riƙe da mariƙin inji, don haka makanikai da yawa a bakin ruwa ba su saba da wannan aiki ba. Shi ya sa kake jin shawara iri-iri. Naka kuwa kebul ɗaya ne ya taso daga bayan sitiyari, ya bi gefen jirgi, galibi ta hannun dama in kana fuskantar gaba, ya ƙare a inji. A waje riga ce ta baƙar roba, ƙarƙashinta akwai saƙar ƙarfe, a can ciki kuma wayar ƙarfe mai kauri wadda ke turawa tana ja. A bayan sitiyari akwai akwatin giya. In mai zagaye ne, wayar tana naɗuwa a jikin wani faifai mai haƙora. In dogo ne a kwance kamar sanda, to wani ɗan ƙaramin giya ne ke tafiyar da doguwar sanda mai haƙora. Ka leƙa ƙarƙashin allon sitiyarinka ka ga wanne ne, domin kebul ɗinsu ba ɗaya ba ne, awonsu ma ba ɗaya ba ne. Mai zagayen ya fi yawa a irin jirginka.

Can wajen inji, ƙarshen kebul ɗin sanda ce ta farin ƙarfe wadda ba ta lanƙwasuwa. Tana shiga cikin wani bututu da ke kwance a gaban inji, wato bututun da inji ke juyawa a kansa idan ka ɗaga shi sama. Ta shiga ta dama, ta leƙo ta hagu, a nan wani ɗan hannu na ƙarfe ya haɗa ta da inji. Ka murɗa sitiyari, sandar ta fito ko ta koma, inji ya juya. Ka riƙe wannan bututu a ranka, domin a aikina, in aka kawo min sitiyari mai tauri, a nan na fi samun ɓarnar.

Shin kebul ɗin ne?

Ruwa ba ya tsami banza, kuma wata ukun da ka ajiye jirgin ya gaya min abu da yawa. Mutanen Legas da Fatakwal gishirin teku ke cinye musu kebul. Mu namu ruwan ba gishiri, amma muna da ƙurar hunturu da yashi. Duk lokacin da sandar ta leƙo waje da giris a jikinta, ƙura na mannewa, ta koma da ita cikin bututu. Ruwan sama da feshin ruwa su shiga, cikin bututun ya yi tsatsa. Muddin ana aiki da jirgin kullum, kai-komon sandar na hana wannan haɗi daskarewa. Da ka ajiye shi a rana, giris ya bushe, ya haɗu da ƙura da tsatsa ya zama kamar busasshen yumɓu ya kama sandar. Sau da yawa kebul ɗin kansa lafiyarsa ƙalau, wurin da yake wucewa ne ya toshe.

Gwajin ba ya cin minti goma. Kwance ɗan hannun nan daga bakin sandar, inji ya rabu da sitiyari. Sai ka kama inji ka juya shi dama da hagu da hannu. Ya kamata ya tafi sumul, har da hannu ɗaya. In ya yi tauri, to laifin na ƙafar da inji ke juyawa a kanta ne, ka nemi kan giris da ke jikinta ka ɗura da famfon giris kana juya injin har tsohon ya fito, sabo ya biyo shi. In inji na juyawa lafiya, koma ka murɗa sitiyari. In har yanzu da tauri, saura kebul da bututu da akwati. Kwance babban notin da ya ɗaure kebul a bakin bututu ta dama, ka zaro sandar waje, ka sake murɗawa. In ya saki ya zama laushi, bututu ne mai laifi, wanke shi kawai za ka yi, kuɗinka ya huta. In sandar na waje a sake amma sitiyari na nan da taurinsa, ko kana jin gurzawa kamar ana niƙa tsakuwa, to kebul ya tafi. Haka nan in ka bi rigar da hannu ka ji ta tsage, ko ta kumbura a wani wuri, ko ka ga jan ruwan tsatsa na tsiyaya, ba sai ka yi wani gwaji ba.

Akwai wani tauri dabam da ake ɗora wa kebul bisa kuskure. In a tsaye sitiyari na da laushi, sai ka ba da wuta ya riƙa fizgarka zuwa gefe ɗaya, wannan ƙarfin farfela ne. Akwai ɗan fiffike a saman farfela da ake sassautawa a karkata shi. In jirgi na janka dama, ka karkata bayan fiffiken zuwa dama kaɗan, in hagu ne zuwa hagu. Amma yadda ka siffanta naka, tun a tsaye yake da tauri, don haka ba na zaton wannan ne.

Maganar baƙin mai kuwa, na san dalilin da ya sa ake faɗinta, domin a kebul ɗin kulocin babur tana aiki. A nan ba haka ba ne. An rufe wannan kebul tun daga masana'anta da nasa man a ciki, ba a yi shi don a buɗe ba. Na ga masu rataye shi a bishiya su ɗaura leda cike da mai a bakinsa ya kwana yana tsiyaya. Yakan ɗan saki na mako biyu ko uku, mai jirgi ya yi murna. Sai dai man bai mayar da silin ƙarfen da tsatsa ta ci ba, ya dai ɓoye alamar da ke gargaɗinka. Wayar da ta fara tsinkewa sili-sili za ta ci gaba, rannan ka murɗa ka ji sitiyari na juyawa fayau, inji bai motsa ba. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne, ba na yin sa, ba na kuma bari a yi shi a jirgin da ke ɗaukar mutane. Haka walda ko ɗaurin waya a wurin da ya tsage.

Awo

A nan mutane suka fi asarar kuɗi, tunda kayan daga nesa suke zuwa kuma mayarwa wahala ce. Hanya mafi sauƙi ita ce lambar da ke jikin tsohon. Ka goge rigar da tsumma kusa da ƙarshenta, galibi ta wajen sitiyari inda rana ba ta ci ba, za ka ga rubutu. In ka ga SSC62 da lambobi biyu a bayansa, wannan na kamfanin Teleflex ne mai akwati zagaye, lambobi biyun ƙarshe su ne tsawonsa a ƙafa, wato SSC6214 ƙafa 14 ke nan. In SSC134 ne, na doguwar sanda mai haƙora ne. Kada sunan da ke kan kwali ya ruɗe ka: sashen kayan jirgin ruwa na Teleflex na Amurka ya koma SeaStar, a 2017 kuma kamfanin Dometic na Suwidin ya saye shi, amma lambobin na nan yadda suke. In kuwa ka ga M66 ko M58, na Ultraflex ne na Italiya, M58 na ƙananan injuna ne, M66 shi ne ya dace da ƙarfin naka. Ka ɗauki hoton lambar da hoton akwatin da hoton bakin da kebul ke shiga, ka tura wa mai kayan. Bakin nan yana da muhimmanci, wani da ɗan fil ake kulle shi, wani da noti mai zare, wani da ƙusoshi biyu.

In rubutun ya goge, sai awo. Kada ka auna kebul daga ƙarshe zuwa ƙarshe, domin wayar ciki na shiga tana fita, awonka zai canza gwargwadon inda sitiyari ya tsaya. Rigar roba kaɗai ake aunawa, daga inda ta fara zuwa inda ta ƙare, a miƙe a ƙasa. In akwatinka zagaye ne ka ƙara inci 18, in dogo ne ka ƙara inci 30, sai ka cika zuwa ƙafa ta gaba. Misali, riga ta ba ka ƙafa 12 da inci 3, wato inci 147. Ka ƙara 18 ya zama 165. Ka raba da 12 ka sami ƙafa 13 da inci 9. To ƙafa 14 za ka saya. Wannan lissafin na SeaStar ne, shi nake bi ga kayansu.

Wani lokaci tsohon ma ba daidai aka sa shi ba, sai ka tarar an naɗe ragowar a ƙarƙashin kujera. In haka ne, auna jirgin da kansa: daga tsakiyar sitiyari zuwa gefen jirgi, daga nan zuwa bangon baya, daga kusurwar baya zuwa tsakiyar inji. Haɗa ukun, ka ƙara inci 6 tunda ta cikin bututun inji zai bi, ka cika zuwa ƙafa ta gaba. Ni nakan yi awon biyu in gwada su, in suka saɓa da fiye da ƙafa ɗaya sai in koma in duba hanyar da aka bi da tsohon.

Gajere ba ya kaiwa, wannan kowa ya gane. Abin da ba a cika ganewa ba shi ne dogo ma cuta ne. Kowane lanƙwasa na ƙara tauri da ƙara wasa a sitiyari, kuma ba a yanke wannan kebul a rage shi. Ƙa'idar masu ƙera shi ita ce kada lanƙwasa ta matse fiye da da'irar da ke da inci 8 daga tsakiya zuwa baki. In kana son misalin da ido zai kama, faɗin da'irar inci 16 ne, kusan babban faranti na tuwon gida. Duk kwanar da ta fi wannan matsewa tana cin kebul daga ciki.

Game da na gwanjo, ra'ayina a fili yake: kada ka saya. Inji na gwanjo ana buɗe shi a duba, kebul kuwa ba ka ganin cikinsa, kuma wanda ya cire shi daga jirginsa yana da dalili. Araha ba ta ado. In akwatin ma ya tsufa, wato kana murɗa sitiyari ya yi tafiya mai yawa kafin waya ta motsa, ko kana jin haƙora na tsallake, ka tambayi kuɗin saiti gaba ɗaya, akwati da kebul. Sau da yawa bambancin bai kai yadda kake tsammani ba, kuma ka huta da fargabar ko baki zai dace.

Cire tsohon

Za ka iya da kanka in kana da hannun gyara da mataimaki ɗaya. Ka fitar da jirgi kan tudu ko ka ɗaure shi a ruwa marar zurfi inda in noti ya faɗi za ka tsince shi. Cire kan batir, ka fitar da tankin fetur daga jirgin. Ka tanadi sifanu, babbar sifana mai daidaitawa, filaya, igiya mai ƙarfi da ta fi jirgin tsawo, kalanzir, tsummoki, samfefa mai laushi, da giris na ruwa, wanda ruwa ba ya wankewa. Kafin ka taɓa komai ɗauki hoton bayan sitiyari da na wajen inji. Ka lura musamman da bakin da kebul ya shiga a akwati, domin akwati mai zagaye baki biyu gare shi, ɗaya na kebul, ɗaya na wani bututun roba da ragowar waya ke shiga.

Fara da wajen inji: cire ɗan hannu, kwance babban noti. Sai ka je gaba ka zare fil ko notin da ya riƙe kebul a akwati, ka murɗa sitiyari, za ka ga waya na fitowa da kanta har ta rabu. Naɗe bakin wayar da salatif, ka ɗaura igiyarka da kyau, ƙulli siriri wanda ba zai maƙale ba. Yanke duk ɗaurin da ya riƙe kebul a hanya, sannan ka ja shi ta baya a hankali, igiya na binsa. Igiyar nan ita ce za ta jawo maka sabo ta hanyar da hannu ba ya shiga, in ka manta da ita za ka yini kana lalube a ƙarƙashin faiba. Ka ja sannu, domin wayoyin wuta da kebul ɗin giya da na totur duk ta wannan rami suke bi. In naka mai doguwar sanda ne, akwatin haƙoran a manne yake da kebul ba zai wuce ramin ba, don haka ta gaba za ka jawo shi, igiya a ɗaure a ƙarshen inji.

Wahala biyu ke jiran mutum a nan. Ta farko, sandar ta ƙi fita daga bututu. Jiƙa ta da man sassauta tsatsa ko kalanzir ta baki biyu, ka bar ta ta kwana. Washegari ka kama ta ka riƙa murzawa, sannan ka ɗora guntun katako mai tauri a bakinta ka buga. Kada guduma ta taɓa ƙarfen kai tsaye. In ka yi haka bakin zai baje kamar kan tsohuwar taɓarya, ya fi ramin faɗi, ka kulle ta da hannunka. In ta shige ciki, bi ta da sandar ƙarfe da ta fi ta siranta. Tunda kebul ɗin ya riga ya mutu, ba laifi ka yanke shi da zarto a bayan noti don ka sami sarari. Wuta kuwa ba na ba da shawararta: akwai robobi a wurin da za su narke, ga faiba, ga warin fetur. In duk an yi ta ƙi, sai a sauya bututun ɗungurungum, wannan kuma sai an rataye inji.

Ta biyu, kwarmin bayan jirgi ya yi ƙunci, sandar ba ta da filin da za ta fito a miƙe sai ta tokari bango. Jarabar da ke zuwa wa kowa ita ce ya ɗan tanƙwara ta. Ga tsohuwa ba komai, amma sabuwa in ta tanƙwaru ko kaɗan ta lalace, za ta riƙa gurzar bututu har abada. Mafita ita ce a kwance ƙusoshin da suka ɗaure inji a bangon baya a ɗaga shi ko a matsar da shi gefe. Injinka ya haura kilo 100, ba abin da mutum biyu za su rungume a kan laka ba ne. Nemi sarƙar ɗaga kaya da reshe mai ƙarfi ko ƙarfe mai ƙafa uku. In za a mayar da ƙusoshin a shafe ramukan da gam na ruwa, domin a irin waɗannan jirage yawanci katako ne a tsakiyar bangon, in ruwa ya sami hanya zai ruɓe a ɓoye. In ka ga aikin ya kai nan kuma ba ka taɓa sauke inji ba, kira makaniki, ka tsaya a kansa ka koya.

Bututun nan dai

Wannan ne sashen da ake tsallakewa, kuma shi ne ya sa ake cewa sabbin kebul na yanzu ba su da ƙarko. An zaro tsoho daga rami mai tsatsa, an cusa sabo a ramin nan, damina ɗaya ya kafe, a ce jabu ne. Ka ba bututun nan awa guda cur. Tura tsumma jiƙe da kalanzir da sanda, ka yi ta yi har baƙin ya ragu. Sai ka tsaga bakin siririyar sanda, ka soka samfefa ka naɗe, ka riƙa murzawa a ciki, in kana da na'urar huda ka ɗaura a kanta. Burushin ƙarfe mai zagaye ya fi, in ka samu. Sake bi da tsumma mai tsabta, ka haska fitila ta baki ɗaya ka leƙa ta ɗayan. Abin da kake nema shi ne rami mai santsi, ba ɓawon tsatsa. In ka ga ya ci ya yi ramuka masu zurfi, bututun ma ya gama aiki.

Akwai kuskuren fahimta da ya kamata in gyara. Kan giris da ke gaban maƙalar inji, kusa da bututun, a yawancin injuna wajen bututun yake shafawa, wato inda inji ke ɗagawa da sauka. Ba ya kai giris ciki inda sandar take. Mutum zai yi shekara yana ɗura giris a nan yana ganin ya kula da sitiyarinsa, alhali cikin a bushe yake. Ciki sai an zaro sanda an shafa da hannu. Kuma a shafa daidai, ba a cika ramin ba. In giris ya yi yawa, sandar na tura shi ya taru a baya ya matse, sitiyari ya ƙi kaiwa ƙarshe. A bakin hagu na bututun akwai noti ko hula mai zoben roba da ke share sanda duk shigarta, in ya tsage ka sa sabo, shi ne mai tsaron ƙofa daga ƙurar da na ambata.

Sa sabo

Shafa giris a sanda da cikin bututu, ka zura ta a miƙe, ka ɗaura babban noti da hannu tukuna don kada zare ya hau karkace, sannan ka ƙarasa da sifana har ya zauna daram. Wannan notin in ya yi sako-sako kebul gaba ɗaya ke motsi, sitiyari ya yi wasa. Ɗaura igiya a ɗaya ƙarshen da ka naɗe da salatif, mataimaki na ja daga gaba, kai kana turawa daga baya kana buɗe kwanoni. A wajen akwati cire salatif, soka waya a bakin da ka ɗauki hotonsa, murɗa sitiyari ya haɗiye ta har kan kebul ya zauna, ka mayar da fil ko noti, ka ja da ƙarfi ka tabbatar ya kulle. Mayar da bututun roba a ɗaya bakin. Ɗaurin da za ka yi a hanya ya zama sakwa-sakwa, tallafi kawai, kada ya shaƙe riga, kuma kada kebul ya kwanta inda ruwa ke taruwa ko inda ake jibga buhuna.

Sai ɗan hannu, kuma a nan ina so ka saurare ni sosai. Notocinsa na musamman ne, masu zoben roba a ciki da ke hana su warwarewa. Kada ka sa noti na gama-gari, kada kuma ka mayar da tsohon da robarsa ta saki. Shekarun baya an kawo min wani jirgi da aka yi wa wannan aiki a wani wuri, notin asali ya faɗa ruwa, aka ɗauko na babur aka ɗaura. Jijjigar inji ta warware shi suna cikin gudu. Da hannun ya fita, ƙarfin farfela ya wurga inji gefe ɗaya gaba ɗaya, jirgin ya yi kwana a take, yaron da ke zaune a baki ya faɗa ruwa. Allah ya sa da rigar ruwa a jikinsa, matuƙin kuma ya ɗaura igiyar kashe inji a hannu, da ya faɗi inji ya mutu. Na riƙe notin da ya rage a tafin hannuna ranar, abin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba. Tun daga nan nake ajiye sababbi a akwatina, kuma ba na sakin jirgi sai na sa yatsa na ji zaren ƙusa ya leƙo ta bayan roba. Notin da ke bakin sanda ana ɗaure shi ya zauna sannan a ɗan sassauta kaɗan yadda hannun zai iya juyawa, littafin injinka ya faɗi gwargwado, ka bi shi.

Kafin jirgi ya taɓa ruwa, tsaya a sitiyari ka murɗa dama, mataimaki ya duba: farfela ta karkata zuwa dama, domin haka ne jirgi zai yi dama. In ta tafi hagu, ka soka waya a bakin da ba shi ba, ka fitar ka sauya. Abin na faruwa har ga waɗanda suka daɗe a sana'a, kuma hannun matuƙi ba ya koyon juyin baya a lokacin haɗari. Murɗa daga ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa, yawancin irin akwatinka zagaye uku ne zuwa huɗu. Yi haka inji na ƙasa, ka ɗaga shi sama ka sake yi, ka ga ko ɗan hannu na taɓa bango ko yana jan tiyon mai. In kan sitiyari bai zauna a tsakiya ba alhali inji na miƙe, ba matsala ba ce ga aiki.

Ban ga jirginka ba, daga bayaninka nake magana, don haka gwajin farko shi zai raba gardama, ba maganata ba. Kuma abin da na faɗa na kebul ɗaya ne a inji ɗaya mai matsakaicin ƙarfi irin naka. In wata rana ka koma inji mai doki 150 ko sama, ko ka jera biyu, lissafin ya canza, a nan sitiyari mai aiki da mai, wato haidirolik, ya fi dacewa, kuma wannan aikin nakan tura shi ga waɗanda suka fi ni hannu a kansa.

Fitar farko ka yi ta da rana, kai da mataimakinka kaɗai, kowa da rigar ruwa, igiyar kashe inji a wuyan hannunka. Fara da ƙaramar wuta kusa da gaci, ka yi kwana dama da hagu, sannan ka ƙara. Da kun dawo ka sake bin notocin nan uku da sifana, ka kuma bin su bayan mako guda. Daga nan, sau biyu a shekara, farkon hunturu da farkon damina, ka zaro sandar ka goge ta ka sake shafa mata giris. In za ka sake ajiye jirgin, murɗa sitiyari har sandar ta shige cikin bututu, ka rufe wajen da buhu, ka sa wani yaro ya riƙa juya shi ƙarshe zuwa ƙarshe duk Juma'a. In ka yi gwajin ka sami lambar jikin kebul, turo min ita da hoton akwatin kafin ka biya kuɗi, in duba maka. Allah ya tsare hanya.